Faston da ya zauna a ƙasa kusa da Hamma

In kana sauri, ka roƙi Allah kada ya haɗa ka da Fasto Irimiya Nomau a hanya. Na san abin da nake faɗa. Mutumin nan da asuba yake tashi, amma ba ya buga ƙarfen da ke rataye a darbejiyar cocinsa sai ya ji an sallame salla a masallacin hayin rafi. Su yi addu'arsu shi da tsofaffin da suka iya fitowa, ya leƙa gona, ya sha koko, ya ɗaure ƙafar wando da roba ya hau keke. To daga nan wahalar jama'a take farawa. Daga Gangaren Kuka, ƙauyen da yake limanci, zuwa cikin Roni ba wata tafiya ba ce, amma Fasto sai rana ta take bai iso ba. Duk wanda ya gani sai ya sauka. Ba ɗaga hannu ba, sauka. Ya jingine keke, ya tambaye ka kwana, ya tambaye ka gajiya, ya tambayi mai jiki, ya tambayi ɗanka da ya tafi Kano da sunansa, har akuyar da ka ce masa ta ƙi cin dusa wancan makon sai ya tambaya. Abin haushin kuma, tsayawa yake yi ya ji amsa.

Ni dillalin shanu ne, a kara na tsufa, kuma Musulmi ne ni ɗan Musulmi. Ciniki nawa mutumin nan ya sa ya kufce mini saboda gaisuwa, Allah kaɗai ya sani. Na taɓa ce masa, "Fasto, don girman Allah ka riƙa yi mini rabi, in na dawo ka ƙarasa." Ya ce, "To Alhaji, wane rabin zan bari, iyalinka ko lafiyarka?"

Wata mai kamawa zai ajiye aiki bayan shekara talatin da wani abu a ƙauye ɗaya. An ce za a yi masa taron sallama, a ba shi agogon bango, a karanta yawan auren da ya ɗaura. Babban abin da ya yi kuwa na tabbata ba za a ambata ba, domin rabin waɗanda za su zauna a taron har yau suna jin haushinsa a kai. Shi ya sa na ce bari ni in faɗa, tunda ba ni da kujera a cocinsu balle a ƙwace.

Wanda bai san wurin ba ya sani, mutanen Gangaren Kuka Hausawa ne kamar kowa. Kakanninsu suna noma duwatsun nan tun kafin kakana ya zo daga gabas da jakinsa. Iyayensu suka karɓi addinin Kirista, su suka tashi a ciki. Duk da haka yanzu sai ka ji yaron da aka haifa jiya yana cewa su koma garinsu. Wane gari? Fasto Irimiya a cikinsu aka haife shi, kuma haka ya zauna da mu. In an yi mana rasuwa yana zuwa, ya tsaya daga gefe cikin rana hula a hannu har mu idar, a maƙabarta kuma ka gan shi yana ɗauko ruwan kwaɓa ƙasa. In Kirsimeti ta zo, Abu mahauci yake kira ya yanka masa akuya, don maƙwabta su ci ba tare da wasiwasi ba. Wannan kowa ya sani. Ba shi ne ya sa na ɗauki biro ba.

Akwai wani Bafulatani, Hamma, ya girme ni, rugarsa tana bayan dutsen ƙauyen. Ni nake sayar masa da dabba in buƙata ta taso. 'Ya'yansa maza sun watse, wani yana gadi a Kudu, wani yana acaɓa a Kano, sai ya zama da tsufansa shi yake bin shanu da ƙafarsa. Wata kaka, 'yan shekarun nan, zazzaɓi ya kama shi a wurin kiwo. Ya kishingiɗa a gindin kanya, barci ya sace shi. Shanu kuwa ba su san coci ba, ba su san masallaci ba, gero suka gani. Suka faɗa gonar coci, inda aka yanke gero aka ɗaure dammuna ana jiran amalanke. Abin da ba su ci ba suka tattake. Geron nan kuwa da shi ake ciyar da matan ƙauyen da mazajensu suka rasu, da marayunsu, har damina ta zagayo.

Matarsa Ma'u ce ta same ni a kara, ko ƙwaryar nononta ba ta sauke ba. Ta ce, "Alhaji, sun kama Hamma." Na hau acaɓa.

Abin da na tarar har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Sun zaunar da tsohon nan a ƙasa a ƙofar coci, sun ɗaure masa hannu da igiyar ɗaure maraƙi. Malafarsa tana can cikin ƙura, sandarsa tana hannun wani. Jama'a sun yi da'ira suna kallo. Filibus, shugaban matasan cocin, wanda ya yi karatu a birni, ya ɗaga waya yana ɗauka yana magana: "Ga ɗaya daga cikin waɗanda suka kawo mana hari, mun kama shi." Hari! Tsohon da iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa. Na ce su ji tsoron Allah. Aka ce mini, "Alhaji, kai ma ai nasu ne, ka yi shiru."

Ba zan yi musu ƙarya ba, tsoronsu ba na banza ba ne. Suna ganin abin da ake yi wa Kirista a wasu wurare a cikin wayoyinsu, kamar yadda namu suke ganin abin da ake yi wa Musulmi a nasu wayoyin. Na san abin da ake ce wa 'ya'yansu a hanyar makaranta. Na san yadda aka cinye musu gefen maƙabarta da gona kowa ya kau da kai. Amma duk wannan ba Hamma ne ya yi ba. Shi dai ya faɗo hannu ne.

Ana cikin haka sai ga Fasto, ya dawo daga dubiya. Ya jingine keke. Na ɗauka zai daka musu tsawa. Ko kallonsu bai yi ba. Ya ɗauko malafar nan ya kakkaɓe, ya tattare rigarsa, ya zauna a cikin ƙurar, kafaɗarsa tana gogar ta Hamma.

"Hamma, barka da yamma."

Hamma bai ɗago ba.

"Ya gajiya? Ya shanu?"

Wani daga baya ya ce, "Shanu kam sun ƙoshi, Baba Fasto."

"Ba kai na gaisar ba." Ya juya. "Ya gwiwar Ma'u, ta samu sauƙi? Ɗanka Muhammadu Lawal fa, yana kira daga Kudu? An yaye 'yarsa?"

Wallahi ni kaina na ƙosa. Gari yana shirin kamawa da wuta, mutum yana tambayar yaye. Amma ya ci gaba, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake kowa a gidan ba. Can sai muka ji muryar Hamma: "Lafiya. Da godiya. An yaye ta." Da wuya ka ci gaba da kiran mutum mahari kana jin ana tambayarsa jikarsa.

Filibus ya ce, "Baba Fasto, ɗan matsa, kana shiga hoton."

"Ai shi ya sa na zauna, ɗana. Ɗauka. In za ka tura, ka gaya musu biyu kuka kama."

Ya taɓa goshin Hamma ya ce jikin mutumin nan kamar garwashi, a kawo ruwa, kuma wanda ya ɗaura igiyar shi zai kwance da hannunsa. Aka yi ta kallon juna, daga baya wani ya sunkuya ya kwance.

Sai Laraba ta matso. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, jikoki ne cike da ɗakinta, kuma bakinta ba ya jin tsoron kowa. Ta ce, "Fasto, ka gama gaisuwar? To gaisuwa za mu tuƙa da rani?"

Ya ce, "Gero za ki tuƙa, Mama Laraba, na yi miki alkawari a gaban kowa. Amma ba za a yi miki miyarsa da mutuncin tsohon nan ba."

Filibus bai haƙura ba. Ya ce ana kashe 'yan'uwansu a wurare, shi kuma Baba Fasto kullum lallashi, kullum a yi shiru. Fasto ya ce, "Ranar da aka kawo mana hari, ni zan fara faɗa, da sunana, ba zan ɓoye ba. Yau saniya ce ta ci gero. In muka kira wannan hari, ranar da na gasken ya zo wane suna ya rage mu ba shi?"

Kafin a rufe baki sai ƙarar babura. Namu ne. Labari ya isa cikin gari cewa Kirista sun ɗaure Musulmi a coci, wasu ma sun ce an yanka shi. Musaddiƙ, wani ɗan acaɓa mai baki, shi ne a gaba, bayansa samari da gorori. Ya diro yana cewa, "Ina ɗan'uwanmu? Ina ɗan'uwanmu da aka ɗaure?" Ya kutsa cikin da'irar, ya tarar da ɗan'uwan nasa zaune da malafa a kai yana shan ruwa, Fasto yana riƙe masa moɗa.

Hamma ya ɗago ya dube shi da kyau. Ya ce, "Kai yaro, ba kai ne ranar kasuwa ka ƙi ɗaukata a babur ba, ka ce ina warin shanu?"

"Baffa, wannan ba maganar yau ba ce."

"To. Yau na zama ɗan'uwa."

Har cikin samarin cocin sai da wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, don haushi ne ya cika ni. Mutanen nan da suke kiran Hamma ɗan daji, suke tauye wa matarsa mudu, yau sun tuna da shi saboda sun sami dalilin ɗaukar gora. Waɗancan suna son sa ya zama mahari, waɗannan suna son sa ya zama wanda aka zalunta, a cikinsu babu wanda ya lura tsohon yana karkarwar zazzaɓi sai mutum ɗaya.

Aka kira mai unguwa. Aka yi yadda iyayenmu suke yi tun kafin a ƙirƙiro waya: dattawan manoma daga hayi biyu suka zaga gonar, suka duba abin da aka ci da abin da za a iya tsincewa, suka yanke ɓarna. A nan Musaddiƙ ya ga ya sami ƙofa. Ya ce, "Ai kun ce addininku na yafiya ne. To ku yafe mu gani." Ni ma na ɗauka abin da Fasto zai yi ke nan, don na san shi da sanyin hali. Sai ya ce, "Ɗaurin da aka yi masa, mu ne muke roƙon ya yafe mana. Gero kuwa zai biya." Ya sa wanda ya ƙwace sandar ya durƙusa ya miƙa ta da hannu biyu.

Daga baya na tare shi. Na ce, "Fasto, ka zauna a ƙasa saboda mutum, sannan ka ce ya biya? Ina ka dosa?" Ya ce, "Alhaji, geron ba nawa ba ne da zan yi kyauta da shi. Sannan Hamma ba mabaraci ba ne. In na ce ya tafi an yafe, na mai da shi abin tausayi, gobe ba zai iya bi ta ƙofar nan da kai a ɗage ba." Na yi shekaru ina cin abinci da Fulani, amma sai da Hamma ya faɗa mini da bakinsa na yarda. Ya ce da an ce an yafe masa, da ya kwashe rugarsa ya bar ƙasar don kunya.

Ya sayar da maraƙi, ya auno gero, ya ɗora wa jaki, ya kai har rumbun coci da kansa. Sannan ya ƙara da abin da ba wanda ya nema. Ya ce in an gama kwashe amfani zai kawo shanunsa su kwana a gonar har rani ya fita, su ci kara su bar taki. Tun daga shekarar haka ake yi. Ran Lahadi suna waƙa a ciki, shanu suna amsawa a waje. Gonar da a da sai an lallaɓa ta, yanzu je ka ga zangarniya.

Kada wani ya ɗauka an yi wa Fasto tafi. Ina! Nasa suka kai ƙararsa wurin manyansu cewa ya sayar da su. Wasu gidaje suka daina zuwa sujada, suna tafiya wani ƙauye. Aka sa masa suna Faston Fulani. Maganar mai da shi babban coci a gari, da aka daɗe ana yi, ta mutu daga nan, shi ya sa har ya tsufa a kan keke. Namu kuma suka zo da tasu wautar. Sai ka ji ana cewa, ai mutumin kirki ne, saura kaɗan ya musulunta. Haba jama'a! Wato mutum ba zai yi alheri ba sai in yana hanyar zuwa wurinku? Mutumin nan Kirista ne har ɓargo. Na yi musu da shi a kan addini ya fi a ƙirga, bai matsa ba, ban matsa ba. Na tambaye shi abin da ya zaunar da shi a ƙurar nan ranar. Ya ce, "Almasihun da nake bi, shi ma an taɓa ɗaure shi an tsayar a gaban jama'a ana kallo ana dariya. Ba zan tsaya a kan ƙafata ana yi wa wani haka a ƙofar ɗakin da ake kiran sunansa ba." Ni da shi ba mu haɗu a kan wannan labarin ba, kuma ya sani. Amma na gane daga cikin addininsa abin ya fito, ba daga gefensa ba.

Kai ne, Irimiya ɗan Nomau, mai keke ɗaya da ƙauye ɗaya. Kai ne ka ƙi yi wa naka ƙarya don su so ka, ka ƙi yi wa namu fadanci don su yabe ka. Ka ci zagi ta gaba da ta baya, ka wayi gari ka sauka daga keke ka gaishe da masu zagin, har da tambayar iyali. Taurin kanka ya isa ya sa mutum hawan jini. Na sha gaya maka ka nemi na kanka, ka ƙi ji, ga shi za ka koma gidan ƙaninka da akwatin littattafai da tabarma.

Makon jiya Hamma ya same ni a kara. Bai kawo dabba ba. Ya daɗe yana tona ƙasa da sanda, sannan ya ce, "Alhaji, an ce Fasto zai tafi. Bana in kai shanu gonar, ko in nemi wani wuri tun da sauran mutunci?" Na ɗauke shi muka je ƙauyen. Fasto ya ce shi yanzu baƙo ne, a tambayi masu gona. Ran Lahadi bayan sun tashi daga sujada muka tsaya a gindin darbejiya, aka tara dattawan coci. Filibus yanzu yana cikinsu. Ya gyara murya ya ce zamani ya canza, sabon fasto yana zuwa, za su zauna su duba. Sauran suka sunkuyar da kai. Na san irin wannan dubawar, a kara ma in mai saye ya ce zai zagayo, ba ya dawowa. Na kalli Fasto. Ya harɗe hannu ya yi shiru, ya ƙi cewa komai. Kamar in shaƙe shi.

Sai Laraba ta taso daga cikin mata tana dogara sanda. Ta ce, "Ku duba me? Ku ne kuke cin geron ko mu? Hamma, ka kawo shanunka. Amma jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho ka ɗaure ta, bara ta cinye mini zanen da na shanya."

Hamma ya ce, "Za a ɗaure ta, Laraba." Aka watse a kan haka. A hanya na tambayi Fasto me ya hana shi magana. Ya ce in shi ya faɗa, izinin zai bi shi ya tafi.

To bana dai an samu. Fasto, na gode, a madadin kaina da Hamma da duk wanda bai san an taɓa kashe masa wuta a ƙofar gida ba. Allah ya ba ka lafiya da tsufa mai sauƙi, ya sa ka samu masu zama su saurare ka yadda ka saurari mutane.

Ku kuma masu karatu, na coci da na masallaci, ba na ce ku bar addininku ba, shi ma bai bar nasa ba. Cewa na yi in an kawo muku labarin mutum a waya, ku fara tambayar sunansa da abin da ke damunsa kafin ku nemi gora. Baɗi war haka Fasto yana gidan ƙaninsa, Laraba kuma ba yarinya ba ce, Hamma zai sake zuwa da tambayar nan tasa. Ni in ina da rai zan raka shi. Ina neman wanda zai rako mu, daga wannan hayin da wancan.

Alhaji Dunoma Dillali, Roni